Daren Lemo Don Maganin Yara Masu Sikila: Yadda Muka Tsara Shi

Sana'armu haɗa lemo. Wasunmu na aiki a otal-otal na Kano, wasu kuma kwangilar biki da walima suke karɓa. Mun haɗa kai mun shirya dare guda na sayar da haɗaɗɗun lemuka irin waɗanda ake kira moktel, babu giya ko ɗigo, da niyyar abin da aka samu ya tafi ga sayen maganin yara masu ciwon sikila. Tsarin na mutum 150 ne, kuma duk awon da za a gani a nan a kan wannan adadi aka yi shi. Irin wannan taro yana iya cika maƙil, a sha a yaba, washegari a zauna lissafi a tarar abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Kuɗin kan zurare ne a cefanen da ba a auna ba, a ƙanƙarar da ta narke, da kofunan da aka miƙa babu tikiti.

Kafin a sayi ko ƙwayar citta, sai da aka tsayar da inda kuɗin za su. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ciwon a kowace shekara, don haka babu wanda za ka gayyata da bai san wani gida mai ɗauke da wannan lalura ba. Duk da haka, «taimakon masu sikila» magana ce mai faɗi, ba ta sa mutum ya sa hannu a aljihu. Mun nemi wata ƙungiyar iyayen yaran mai rajista da CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, muka duba takardarta, muka nemi ta rubuto abin da take buƙata dalla-dalla: maganin ƙarin jini na folik asid, na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da kuɗin gwajin jini, na yara kaza, na wata kaza. Wannan ne aka buga a takardar gayyata. Hoton yaro a gadon asibiti kuwa ba mu sa ba, kuma ba mu ba kowa shawarar ya sa. Yaron zai girma, hoton kuma yana nan yana yawo a wayoyi.

Asusun da aka sa a tikiti na ƙungiyar ne, ba na ɗayanmu ba. An kuma rubuta ƙarara cewa abin da ya rage bayan an cire kuɗin hidima shi ne zai je ga yaran. Masu shirya taro da yawa kan rubuta «duk kuɗin na taimako ne», daga baya su cire na janareta da na haya, nan zargi ke farawa.

Ranar Lahadi muka ɗauka, ta farkon wata, a tsakanin ƙarshen kaka da shigowar sanyi. Juma'a da Asabar na masu biki ne, mu kanmu muna bakin aiki, baƙin ma suna wurin daurin aure da dina. Farkon wata kuma albashi bai ƙare ba. Lokacin yana da nasa amfanin: ruwa ya ɗauke, sabon zoɓo ya shigo kasuwa, ƙanƙara ba ta narkewa kamar a watan Afrilu. Wanda zai yi nasa da damina ya tanadi rumfa, kuma kada ya rataya ƙwan lantarki daidai saman kanta, domin shinge da sauran ƙwari za su taru a fitilar su riƙa faɗawa cikin kofuna. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, komai sai da murfi. Wurin da muka samu lambun wani ɗakin taro ne, mai shi ya ba da shi kyauta, muka ɗauki nauyin man janareta da shara. An sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankin a rubuce. A kan fosta an sa «BABU GIYA» da manyan baƙaƙe, saboda a Kano doka ta hana sayar da ita, kuma mutane da dama in sun ga hoton kofi mai dogon wuya da yankan lemun tsami a baki, tunaninsu can yake tafiya. An ware wurin salla da alwala, da ɓangaren zaman iyali.

Lissafin kuɗi mai sauƙi ne in an yi shi tun da wuri. A tara duk abin da za a kashe, har da abin da ake raina wa kamar ledar shara, sabulu, kuɗin mota da abincin ma'aikata. Jimlar kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da tikiti zai kawo in an sayar da duka. In ta wuce, ko a ɗaga farashin tikiti ko a nemo wanda zai ba da kaya. Neman kaya ya fi neman kuɗi sauƙi: ɗan kasuwar da zai yi ta jan ƙafa in ka ce ya ba da kuɗi, buhun sukari ko kiret goma na lemon kwalba ba ya yi masa nauyi. Da dilan lemo kuma a yi yarjejeniya tun farko cewa abin da ba a buɗe ba za a mayar. Tikiti ɗaya ya ƙunshi shiga da kofi biyu, mai son ƙari ya sayi tikitin kofi. An fara sayarwa mako uku kafin ranar, kuma abin da aka sayar zuwa kwana biyar kafin taro shi ya yanke yawan cefanen kayan da ke lalacewa.

Lemo kala huɗu kawai muka yi. Kowane mai wannan sana'a yana so ya nuna gwanintarsa, in aka bar mu sai a jera kala goma sha biyu. Amma kowace kala ƙarin cefane ce, ƙarin ragowa ce, kuma tana sa baƙo ya tsaya a gaban kanta yana ruwan ido alhali mutum ashirin na bayansa. Mun ƙiyasta kofi uku ga kowane baƙo, 450 ke nan, aka ƙara na zubewa da na ma'aikata ya zama 500: zoɓo mai soda 150, Chapman 150, tsamiya da citta 100, kunun aya 100. Kofin mai cin mililita 300 ne. Ƙanƙara na cinye kusan rabinsa, saboda haka lemon da ke shiga ciki ml 180 ne. Wanda ya yi lissafi da cikar kofi zai dafa abin da ya kusa ninka buƙatarsa.

Busassun kaya, wato zoɓo, tsamiya, aya da kanumfari, an sayo su mako guda kafin ranar. Zoɓo mai kyau daga Jigawa yake fitowa, kuma a Dawanau ana samunsa da buhu, wanda ake fitarwa har Meziko. A zaɓi mai duhun ja, busasshe ƙarau, wanda ba ya warin rima. Citta ɗanya ta Kudancin Kaduna ita ce mai yaji, sai dai tun annobar da ta afka wa gonakinta a 2023 ta yi tsada, don haka a tambayi farashinta kafin a rufe lissafi, kada a dogara da na tuni. Sukari a kasuwar Singa, lemun tsami da lemun zaƙi a 'Yan Lemo, kokwamba da na'a-na'a a 'Yankaba, waɗannan huɗun na ƙarshe ana gobe taro. A tafi da sikeli. Kwano da mudu sun bambanta daga mai awo zuwa mai awo, haɗin da aka gwada da giram kuma ba ya fitowa daidai da «kamar kwano biyu».

Ruwan sukari mai citta shi ne ginshiƙin lemo biyu daga cikin huɗun, shi aka fara yi kwana biyu kafin taro. Citta ɗanya kilo ɗaya da rabi, a wanke, a markaɗa da ruwa lita 5, a tace da ƙyalle. Sai a bar ruwan ya kwanta kamar rabin awa. Wani farin gari zai taru a ƙasa, sitacin cittar ke nan, a tsiyaye ruwan a bar shi. In aka dafa da shi, haɗin zai yi kauri da yauƙi kamar an fara dama koko. A zuba sukari kilo 5, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ya narke, ba sai ya tafasa ba, domin dogon tafasa na kashe yajin ɗanyar citta. Kilo ɗaya na sukari da lita ɗaya ta ruwa suna ba da kusan lita 1.6, don haka za a samu wajen lita 8. Ba a zuba garin sukari kai tsaye cikin lemo mai sanyi, ba ya narkewa, a ƙasan kofi yake zama.

Zoɓon sai an yi shi da ƙarfi fiye da na gida, tunda soda da ƙanƙara za su tsinka shi. Kilo 1.2 a ruwa lita 17. A ɗauraye shi sau biyu da ruwan sanyi, da sauri, saboda yashi. In aka bar shi ya jiƙa a ruwan wanki, launin zai tafi can. A tafasa ruwan da kanumfari cokali biyu da ɓawon abarba guda biyu da aka wanke sosai, a zuba zoɓon, a ba shi minti goma, a kashe wuta a rufe na minti ashirin. Zoɓon zai shanye wani abu, a samu wajen lita 13 da rabi. Tukunyar ta kasance ta ƙarfe mara tsatsa. Tsamin zoɓo da na tsamiya suna cin tukunyar alminiyam, lemon ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe, launin ya dushe. Kanwa da wasu ke sawa don rage tsami tana mayar da shi baƙi-baƙi, mu kuwa jan muke nema, shi ya sa muke ɗiga lemun tsami, wanda ke ƙara masa haske. Babban abin kiyayewa: kada a sa wa zoɓo sukari a bar shi ya kwana a waje. Zai fara tashi, jarka ta kumbura, kuma tashin nan hanyar zama giya ce, abin da aka yi wa mutane alkawarin babu shi. A huce shi da wuri ta hanyar tsoma tukunyar cikin bahon ruwan ƙanƙara, a sa a firji ba sukari, ranar taro a haɗa. Kowane kofi: zoɓo ml 90, ruwan sukari mai citta 30, lemun tsami 10, ruwan soda 50.

Tsamiya ba ta da wahala. Kilo ɗaya ɓararriya a ruwan ɗumi lita 8, ta jiƙa awa biyu, a murje da hannu mai tsabta, a tace da rariya sannan da ƙyalle, a samu wajen lita 7. A sa gishiri ƙaramin cokali biyu, yana fito da ɗanɗanon. Kofi ɗaya: tsamiya ml 70, ruwan sukari mai citta 30, soda 80. Mun shafa wa rabin bakin kofin lemun tsami muka dangwala a garin sukari mai ɗan barkono. Rabi kawai, don wanda ba ya son yaji ya sha ta ɗaya gefen. Tana kwanciya a ƙasan jarka, sai ana girgizawa kafin kowane zubi.

Chapman shi ne wanda kowa ya sani, kuma a nan tarko yake. Yadda ake yinsa a Legas da manyan otal, ana ɗiga masa Angostura, ruwan ɗaci da ake kawowa daga Tirinidad, wanda kashi 44.7 cikin ɗari nasa barasa ce. Ɗigo uku ko huɗu ne a kofi, amma wanda ya rubuta babu giya ba shi da hujjar ɗigo. Madadinsa muka dafa: ɓawon lemun zaƙi guda shida har da farin cikinsa, wanda nan ɗacin yake, da kanumfari, kirfa da kimba guda biyu, a ruwa lita ɗaya da rabi, a wuta kaɗan har ya koma lita ɗaya. Ƙaramin cokali a kofi ya isa. Haka nan a karanta jikin kwalbar duk wani ƙamshi na kanti, domin ruwan banila na asali da barasa ake jiƙa shi. Sauran haɗin: giranadin (jan ruwan sukari mai ɗanɗanon rumman) ml 15, Ribena 15, lemun zaƙi 20, lemun tsami 10, Fanta 60, Sprite 60, da yankan kokwamba. Na kofi 150 ya kama lita 9 ta Fanta da 9 ta Sprite, wato roba 18 kowanne in masu rabin lita ne. Giranadin na kanti yana da tsada, yawancinsa kuma kala ce da sukari. Zoɓo mai kauri da aka narkar da sukari daidai awonsa a ciki yana maye gurbinsa, babu wanda ya lura.

Kunun aya ne ya fi kowanne samun yabo, shi ne kuma ya fi hatsari. Busasshiyar aya kilo 5, a tsince tsakuwa da ruɓaɓɓu, a jiƙa ta kwana ɗaya ana sauya ruwa, domin ruwan jiƙon da ya daɗe shi ke fara kawo tsami. Dabino kilo ɗaya da rabi, kwakwa biyar, 'yar citta da kanumfari. Ranar taro da hantsi ake markaɗawa, ba ana gobe ba. In a injin unguwa za a kai, a tsaya a ga an wanke shi, a fara zuba ruwan zafi ya bi ta ciki. Injin da ya gama markaɗa tattasai da albasa zai bar sa hannunsa a kunun. A markaɗa da ruwan sanyi, a tace sau biyu, a cika ya kai lita 20, nan take a raba a ƙananan jarkoki masu lita 5 a binne su cikin ƙanƙara. Babbar jarka ɗaya ba ta yin sanyi har tsakiya da wuri, tsakiyar ce ke fara lalacewa. Ana fito da jarka ɗaya, sai ta ƙare a ɗauko wata. Ba a sa masa ƙanƙara a kofi, yana salancewa, ml 200 ake zubawa da sanyinsa. Kada lemun tsami ko ɗanyar abarba su kusance shi, ko ta ludayi, in kuma an ƙara masa madara abin ya fi muni, take yake tsinkewa.

Lemun tsami da ake buƙata lita 3 ne gaba ɗaya. Irin namu ƙanana ba sa wuce babban cokali ɗaya kowanne, saboda haka a sayi 250. Da la'asar ake matsewa, domin ruwansa na yin ɗaci in ya wuni, kuma kada a matse har ɓawo. Na'a-na'a a tsoma ƙasanta a ruwa, in za a sa a kofi a ɗan tafa ta a tafin hannu; in aka dandaƙa ta sai ta yi baƙi ta yi ɗaci. Jarkoki sababbi muka saya. Wadda ta taɓa ɗaukar man gyaɗa ko manja, ko an wanke ta sau nawa, warin na dawowa.

Ƙanƙara ita ce abin da sababbin shiga suka fi rainawa. Kilo ɗaya ga kowane baƙo, 150 ke nan, a watannin zafi a ƙara rabin haka. Kuma iri biyu ce, ba a gauraya su. Rabi ta sanyaya kaya ce, manyan dunƙule na masu sayarwa a bakin titi, waɗanda ba ka san ruwan da aka yi su da shi ba. Wannan a baho take zama, kwalabe da jarkoki a cikinta, ba ta shiga bakin kowa. Ɗaya rabin ta sha ce, daga ruwa mai tsabta, 'yan ƙanana, a cikin kula mai murfi, da ludayinta na musamman. Ba a ɗibarta da hannu, ba a kuma ɗibarta da kofin gilashi, domin in bakinsa ya ɓalle a ciki, kular gaba ɗaya ta tashi daga aiki. A riƙa tsiyaye ruwan da ya taru a kular sha, ƙanƙarar da ke iyo a ruwa tana saurin narkewa kuma tana tsinka lemo. Mun sa a kawo ta kashi biyu, ɗaya da la'asar, ɗaya bayan Isha. Lemon kwalba da soda kuwa tun ana gobe suke kwana a firji. In aka zuba su da ɗuminsu a kan ƙanƙara, iskar ta fice, ƙanƙarar ta narke, baƙo ya karɓi ruwan zaƙi salam. Firiza da blanda kada su hau layi ɗaya a janareta, tashin firiza na iya kashe wutar wurin duka.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a wannan aiki ma'anarsa ita ce a haɗa komai tun kafin a buɗe ƙofa, ban da mai iska. Da ƙarfe huɗu aka haɗa gindin kowane lemo, wato haɗinsa kafin a zuba mai iska, a jarkarsa, aka manna takarda mai suna da awo: zoɓo ml 130 sai soda, tsamiya 100 sai soda, Chapman 65 sai Fanta da Sprite. Soda ba ta shiga jarka. Dalilin wannan lissafi ne kawai. In za a auna abu biyar ɗaya bayan ɗaya, kofi na cin minti ɗaya da rabi. Mutum 150 kusan tare suke isowa, kowa na son kofinsa na farko, masu zubi uku za su kwashe minti 75 kafin su sallami na ƙarshe. Da haɗaɗɗen gindi, kofi ba ya wuce daƙiƙa ashirin: ƙanƙara, gindi da ma'auni, soda, juyi ɗaya da dogon cokali, ado, miƙa. Ma'aunin dole ne, ko ga wanda ya shekara ashirin yana zubi. Ƙarin ml 20 a kowane kofi ba ya ganuwa, amma a jarkar zoɓo kofi ashirin ne suka tafi.

Mutum goma ne suka riƙe daren: uku a kanta, biyu a bayansu masu kawo ƙanƙara da kofuna da kwashe shara, biyu a ƙofa, biyu a teburin kuɗi, ɗaya kuma ba shi da wurin tsayuwa, yana zagayawa yana toshe ɓaraka. Na bayan kantar su ne ake mantawa da su wajen rabon aiki, alhali in babu su mai zubi ne zai bar layi ya tafi neman ƙanƙara. An shimfiɗa wa kanta baƙin ƙyalle, saboda zoɓo ba ya barin fari. A allon da ke bayanta an rubuta abin da ke cikin kowane lemo, musamman kwakwa da dabino, an kuma tanadi zoɓo da tsamiya marasa sukari lita biyu-biyu saboda masu ciwon sukari. Tunda cikin baƙin akwai masu sikila, waɗanda sanyi kan tayar wa da ciwo, an ajiye wani kaso ba a cikin ƙanƙara ba, da fulas biyu na shayin citta da na'a-na'a. Dattawa ne suka fara ƙarar da shayin.

Kuɗi ba ya zuwa kanta, ko naira ɗaya. Teburin kuɗi daban yake, can gefe, nan ake sayen tikitin kofi, a kanta tikiti kawai ake karɓa a jefa a akwati mai kulle. Wannan ya raba hannun da ke taɓa kuɗi da wanda ke taɓa kofi, ya kuma ba mai zubi abin faɗa idan aboki ya matso yana cewa «ɗan ɗanɗana mini mana». Kofunan alfarma su ne babbar kafar da kuɗi ke bi, kuma ba sata ba ce, kunya ce. Tikitin duk masu lamba ne, na shiga kalarsu daban, na ƙari daban, na ma'aikata daban, kowane ma'aikaci biyu. Na'urar POS biyu aka kawo, a kan layukan waya daban-daban, saboda in sabis ɗin ɗaya ya ɗauke. Mai tiransifa kuma ba a duba wayarsa, wayar ma'ajin ƙungiyar ake dubawa, wanda ke zaune a teburin. Alat na bogi ya yi yawa, cikin cunkoso kuma ba a bambance shi. In kuɗi bai shigo ba, a rubuta suna da lamba, a ba shi tikitinsa, a bi sawu washegari. An tanadi canji tun ranar Juma'a.

An buɗe ƙofa bayan Magariba, aka tsaya aka yi Isha, bayan ta ne wuri ya cika. A daidai nan aka rufe kanta na minti goma sha biyar, domin muddin ana zuba lemo babu mai sauraron kowa. Wata likita ta yi bayani gajere kan muhimmancin gwajin jini kafin aure, shugabar ƙungiyar ta faɗi abin da za a saya da kuɗin, sai aka shiga gwanjo. Ba mu yi tikitin cinkar kyauta ba, irin wanda ake saye a jira sa'a, domin malamai na ɗaukarsa caca. Abin da aka yi gwanjonsa aikin hannunmu ne: hidimar lemo ta walimar mutum hamsin, darasin haɗa lemo na yini guda, da kwandon ruwan sukari kala uku. Bai ci mana kuɗi mai yawa ba, kuma abin da ya kawo ya zarce na tikitin ƙarin kofi. Akwatin sadaka yana nan daban a bakin ƙofa. Masu son ba da zakka an haɗa su da ma'ajin kai tsaye, tunda kuɗin tikiti ciniki ne, an ba ka abu a madadinsa, ba ya zama zakka. Wanda ya yi alkawari a bainar jama'a an gode masa an rubuta, amma ba a sa alkawari cikin jimlar da aka sanar ba. Abin da ya shigo hannu kawai aka faɗa.

Da ƙarfe tara da rabi aka sanar da zubin ƙarshe, goma aka rufe. Kunun ayan da ya rage a daren aka rabar wa masu gadi da ma'aikata, ba ya kwana. Gindin da aka riga aka sa wa lemun tsami shi ma ba a ajiye shi ba. Ruwan sukari mai citta yana kai mako biyu a firji, an ɗura a kwalabe an ba waɗanda suka ci gwanjo. Ƙirga kuwa a wurin aka yi ta kafin kowa ya tafi, mutum biyu daga cikinmu da ma'ajin ƙungiyar, aka gwada abu uku da juna: lambobin tikitin da aka sayar, tikitin da ke cikin akwatin kanta, da yawan kofunan da suka fita daga kwali. Bambancin kofi goma zuwa goma sha biyar zubewa ce da fashewa. In ya kai hamsin, an yi rabon alfarma. Kowa ya sa hannu a takardar. Cikin mako aka mayar wa dila lemon da ba a buɗe ba da kiret-kiret ɗinsa, aka biya sauran bashin cefane, aka fitar da lissafi shafi ɗaya mai nuna abin da ya shigo ta tikiti, ta gwanjo da ta akwati, da abin da aka kashe layi-layi. An tura shi ga duk wanda ya sayi tikiti ko ya ba da kaya, tare da hoton rasit ɗin kantin maganin da ƙungiyar ta yi sayayya.